Shekarar da Inna Ta Miƙo Mini Hannun Hagu

Na san abin da kuka ji. A Jibiya magana ba ta kwana a ɗaki ɗaya, kuma har yau in mata suka taru wajen suna ko biki, ba a rasa wadda za ta rage murya ta ce ai Hajiya Rabi ce ta tsallake uwarta tana kwance ta tafi Nijar karatu, har tsohuwar ta hana ta hannun dama. Rabin maganar gaskiya ne. Na tafi, kuma hagu Inna ta miƙo mini. Ɗaya rabin nake so ku ji daga bakina, ku 'ya'yana, tun ina da ƙarfin riƙe alƙalami, don ba na son bayan raina ku riƙa sunkuyar da kai a kan abin da ni ban taɓa jin kunyarsa ba.

Kakarku Inna Bazabarmiya ce, daga wani ƙauye kusa da Doso. Babanmu direban babbar mota ne, can ya gan ta a tafiye-tafiyensa, ya auro ta ya kawo ta nan. Ta koyi Hausa har ta fi masu ita iya faɗa da ita, amma ko sau ɗaya ba ta zaunar da mu ta koya mana Zabarmanci ba. Tun tana amarya matan unguwa suka yi ta kwaikwayon bakinta, ita kuwa ta ƙudurta a ranta cewa ba za a yi wa 'ya'yanta dariya ba. Haka muka tashi, ni da yayana Sale, ba mu san komai a harshen uwarmu ba sai 'yan kalmomin da ke kufce mata in ta fusata. Da tsufa ya kama ta, bayan faɗuwar da ta yi a bakin rijiya, sai Hausar ta fara zubewa daga bakinta kamar gero daga hudajjen buhu. Yau ta manta sunan ludayi, gobe ta manta sunan jikanta. Kafin shekara ta zagayo ba sauran komai sai harshen da aka yi mata goyo da shi. Ni da na ƙare aikina a ɗakin haihuwa, na san kukan jariri mai jin yunwa da na mai ciwon ciki, sai ga ni zaune gaban uwata tana magana ina kallon bakinta. Ban taɓa jin ni ba kowa ba ce irin wannan lokacin ba.

Abin da ya fi ci mini rai wata magana ce guda. Kullum bayan la'asar sai Inna ta dubi ƙofar ɗaki ta faɗe ta, ta sake faɗa, muryarta kamar mai tambaya. Mu kawo ruwa ta kau da kai, mu dama fura ta ture, mu juya ta a kan gado ta yi tsaki. A gidan Yaya Sale take, gidanmu na gado, kuma shi ne ɗanta na fari, wanda saboda alkunya ba ta taɓa kiran sunansa ba tunda ta haife shi. Tun da ciwon ya yi nisa Yaya ya daina shiga ɗakin. In ya dawo daga kasuwar hatsi sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaishe ta daga waje, ya wuce. Mutane suna cewa taurin zuciya ne, ni kuwa na san ba zai iya kallonta a haka ba ne. Ya taɓa ɗauko wata Bazabarmiya mai sayar da dambu a tasha don ta yi mana tafinta. Inna ta amsa gaisuwarta da mutunci, sannan ta juya fuska bango, ba ta ƙara cewa uffan ba har matar ta tafi. Uwarmu ba ta faɗin cikinta gaban baƙo, ko da can ma.

Ke Hadiza, ke kika kawo mini labarin makarantar, kin gani a waya. Wasu tsofaffin malamai ne a Doso suka buɗe ta don manya: wata biyu, a sauke mutum a gidan Zabarmawa, ba Hausa, ba Faransanci, ba Turanci, daga gaisuwar safe har sallamar dare. Kin karanta mini ne don mu yi dariya, ni kuwa kafin ki rufe baki na riga na yanke shawara. Zabarmawan Jibiya ba za su koya mini ba, domin da ka yi tuntuɓe sai su tausaya maka su koma Hausa. Ina bukatar wurin da ba mai tausaya mini. Da na gaya wa babanku, Allah ya jiƙansa, ya daɗe yana kallona ta saman tabarau.

"Ki tahi," ya ce. "Amma in kin dawo kada in ji ana zagina da harshen da ban sani ba."

Yaya Sale ne ya ƙi. Ban yi mamaki ba. Na same shi a zaure yana warware rawani, na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Ke Rabi, da hurhurarki za ki koma aji? Tsohuwa na kwance, yau ko gobe, ke kina shirin ƙetare iyaka. In anka yi rasuwa kina can, mi za ki ce ma mutane?"

"Yaya, in anka yi rasuwa ina nan ban san mi take ce mini ba, mi zan ce ma kaina?"

Sannan ya kawo sharaɗin da yake ganin ya ɗaure ni da shi.

"To, ba ni hana ki. Amma a gidanga ba a tahiya sai da izinin uwa. Ki tambaye ta. In ta sallame ki, Allah shi kiyaye hanya. In ba ta sallame ki ba, ki kwance kayanki."

Ya san Inna ba ta jin Hausa. Ni ma na sani. Amma ban yi masa gardama ba, domin ko bai faɗa ba, ni ba zan taka mota ba tare da sallamar uwata ba. Ko Maraɗi zan je biki, sai na durƙusa gabanta ta ce a dawo lafiya. Na yi ta gwadawa. In zauna in nuna jaka, in nuna yamma, in kwatanta tuƙin mota da hannu kamar mai wasa da yara. Inna ta dube ni ta dubi jakar, ta ɗauka wanki na kawo.

Ana cikin haka makarantar ta haɗa mu a zauren hira na waya, mu da za mu zo daga Najeriya. Mu uku ne kacal. Akwai Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar kudancin Kaduna, Kirista, wadda aikinta zai mayar da ita wajen Doso. Akwai Malam Isuhu, tsohon malamin makaranta daga Gusau, wanda bai faɗi dalilinsa ba, sai gaisuwa mai tsawo kowace safiya. Ba wanda ya naɗa ni shugaba, ni na naɗa kaina, kun san hali. Su biyun ba wanda ya taɓa ƙetare iyaka, ni kuwa a bakinta aka yanke mini cibiya. Rifkatu na ta zancen jirgi zuwa Yamai, Malam Isuhu na son bi ta Illela. Na ce duk ku ajiye wannan, ku zo Jibiya. Daga nan mu shiga Ɗan Isa, mu kai Maraɗi da hantsi, mu kama babbar motar da ke bi ta Ƙonni da Dogon Dutse ta sauke mu Doso. Na ce kowa ya nemo katin rigakafinsa ya sa a aljihun gaba, kada jandarma ya tambaya a fara zazzage jaka a rana. Na ce canjin sefa, kuɗin Nijar, a nan za a yi, wurin mutanen da na sani. Na ce ba a tafiyar yamma a hanyarmu yanzu, da rana za su shigo, da sassafe za mu fita. Har na gaya wa Rifkatu ta zo da mayafi mai kauri saboda sanyin cikin mota, ta rubuto cewa Mama Rabi, ko uwata ba ta shirya ni haka ba. Abin da ban gaya musu ba shi ne, mai tsara musu hanyar ba ta da tabbacin za ta bi ta.

Suka iso ana jibi tafiya. Rifkatu doguwa ce mai dariya da dukan jikinta, ta sauko daga babur da akwati kamar mai ƙaura. Malam Isuhu ɗan siriri ne mai farin gemu, da jaka ɗaya da buta. Babanku ya sauke shi a ɗakin baƙi, Rifkatu ta kwana ɗakina. Da muka ci tuwo muka zauna a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, sai na fasa musu maganar. Na ce ga halin da Inna take ciki, ga sharaɗin Yaya, kuma in ban samu sallama ba zan raka su har bakin iyaka in damƙa su hannun direba in dawo.

"Haba Mama," in ji Rifkatu, "mu uku fa muke. A ce mu uku ba za mu iya haɗa magana ɗaya ba?"

Nan muka baje abin da kowa yake da shi, kuma wallahi abin dariya ne. Rifkatu ta haddace na asibiti kawai: ina ke ciwo, buɗe baki, kwanta. Ni ina da na faɗa: tashi nan, rufe mini baki. Malam Isuhu yana da zo, da zauna, da gaisuwar safe. A nan ya gaya mana cewa mahaifinsa Bazabarme ne, ya zauna Gusau yana sana'a, ya koma gida ganin dangi lokacin shi Malam yana yaro ƙarami, bai sake dawowa ba. Yana son ya je ya nemi dangin uban nasa da bakinsa, ba da bakin wani ba. Muka yi ta juya 'yan kalmominmu, Rifkatu na duba darasin farko da makarantar ta turo, har muka haɗa gajeriyar magana mai cewa za ni Doso, zan dawo. Na yi ta maimaita ta ina tuka tuwo, ina alwala, ina ninke kaya. Ku yara kuna ta yi mini dariya, ban kula ku ba.

Ranar tafiya, da gari ya waye, motar da za ta kai mu Maraɗi ta tsaya a ƙofar gidan Yaya, kayanmu a ɗaure a sama. An fito da Inna tsakar gida ta sha iskar safe, tana jingine da bango, an lulluɓe ta da zane. Yaya na tsaye daga gefe ya harɗe hannu a baya. Matan gida sun leƙo. Baƙina suka gaishe ta suka ja baya. Na durƙusa na ce:

"Inna, ay ga koy Doso."

Ban ƙarasa sauran ba. Da ta ji sunan Doso a cikin harshenta, daga bakina, sai idonta ya buɗe irin buɗewar da na manta da ita. Ta kama yin magana, doguwa, da sauri, tana nuna yamma, tana nuna ni, har da 'yar dariya. Ba wanda ya fahimci ko kalma. Na jira ta numfasa, na faɗi ɗaya rabin, cewa zan dawo. Sai na miƙa mata hannuna biyu yadda na saba, ina jiran ta kama ta sa mini albarka.

Ta zaro hannun hagu ta miƙo mini.

Na ɗauka mantuwa ce. Na kai hannu a hankali zan kamo na damanta, sai ta fizge shi ta cusa ƙarƙashin zane, ta ɗaure fuska, ta sake miƙo hagun har yana taɓa ƙirjina. Kun san abin da hagu yake a wurinmu. Ko yaro ya miƙo maka abu da shi sai ka buge hannun. Wata daga cikin matan ta ce innalillahi.

"To, kin gani," in ji Yaya, muryarsa ba ta ko tashi ba. "Ta ba ki amsa. A sauke mata kaya."

Na ji kamar uwata ta tofa mini yawu gaban jama'a. Har na buɗe baki zan ce wa direba ya kwance igiya, sai na ji muryar Malam Isuhu a bayana.

"Hajiya, dakata. Alhaji, ka yi mini haƙuri in yi magana cikin gidanka. Wanga ba ƙi ba ne. Ran da babana za shi tahi, da hagu ya yi musabaha da kowa, har ni. Na yi kuka na ce baba ya raina mu. Sai uwata ta ce haka mutanensu ka yi in tahiya mai nisa ce. Ana rabuwa da hagu da gangan, don a bar kuskure a tsakani, dole matahiyi shi dawo a gyara da dama. Tsohuwa ta sallame ki, Hajiya. Cewa ta yi ki je ki dawo ki iske ta."

Hawaye na bin gemunsa yana faɗa. Yaya ya dube shi sama da ƙasa.

"Malam, kai baƙo ne, kuma kana son mai nuna maka hanya. Kuma da bakinka ka ce naka uban bai dawo ba."

"Bai dawo ba," in ji Malam Isuhu. "Amma da niyyar dawowa ya tahi."

Nan aka bar ni, ga maganar yayana, ga maganar mutumin da na sani shekaranjiya. Ba wanda zai raba gardamar, don mai raba ta ba ta jin abin da muke cewa. Sai na daina sauraron kowa na dubi Inna. Na san fuskar uwata in tana fushi, na sha ganinta. Wannan ba ita ba ce. Wannan fuskar da take yi ce in ta aike ni ina nawa. Hannun na nan a miƙe, duk da gajiya ba ta sauke ba. Na mayar da damana baya, na miƙa mata hagu. Ta damƙe shi da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba, ta girgiza, ta gyaɗa kai, sannan ta sake ni ta yi mini alamar in tashi, kamar mai korar kaza.

Na tashi na ce wa Yaya sai na dawo. Muka shiga mota. Muka bi ta cikin layin manyan motoci da 'yan babura masu jarkoki, muka sauka a shingen iyaka aka duba takardunmu, katin kowa na aljihun gaba yadda na ce. Sai da muka wuce Ɗan Isa na fashe da kuka, Rifkatu ta rungume ni tana cewa Mama, shugaba ba ya kuka gaban mabiya.

Abin da tafiyar ta ci mini ba kaɗan ba ne. Kafin in kai Doso labari ya gama Jibiya yadda Yaya ya gan shi, kuma shi ne labarin da kuka tashi kuna ji. Akwai ƙawayen da suka daina shigowa gidana har yau. Ke Hadiza kin bar ɗakinki da yaranki kin tare wajen kakarki, ban manta ba. A can kuwa, duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. An sauke ni gidan wata tsohuwa da ba ta san tausayi ba, in ban faɗi sunan abu daidai ba ba za ta miƙo mini ba, ko ruwa ne. Na yi mafarki da Hausa, na farka na ci gaba da gwaranci a gaban mutane, yaran gidan na kwaikwayona kamar yadda aka yi wa Inna a unguwarmu. A nan na san abin da ta haɗiye saboda mu. Na kuma tambayi tsohuwar zancen hannun hagu, ta yi mamakin a ce akwai wanda bai sani ba.

Da na dawo, ban biya gidana ba. Da ƙurar hanya na shiga gidan Yaya, bayan la'asar. Inna ta ƙara ramewa, tana kwance fuskarta na kallon ƙofa. Na yi sallama, na gaishe ta da harshenta, na tambaye ta jiki, na ce mutanen Doso suna gaishe ta. Ta daɗe tana dubana. Sai ta motsa a ƙarƙashin bargo, da ƙyar, ta zaro hannun dama ta miƙo mini. Na kama da nawa daman. Ta ce na daɗe, kuma na ji ta ba tare da kowa ya fassara mini ba.

Muna haka sai ga takun Yaya ya dawo daga kasuwa. Ya tsaya inda ya saba, ƙafafunsa kawai ake gani ta ƙasan labule, ya yi gaisuwarsa daga waje. Inna ta dubi ƙofar, ta faɗi maganar nan tata ta kullum, wadda muka shekara muna amsa ta da ruwa da fura. Wannan karon na ji ta sarai. Sai na riƙe bakina.

Yaya bai wuce ba. Tun da na tafi ba mu yi magana ba, amma na ji ya gyara murya a bayan labule.

"Rabi," ya ce a hankali. "Mi take cewa?"

"Yaya, tambaya take. Kullum ita ce tambayar. Cewa take, wancan na bakin ƙofa, ya ci abinci kuwa?"

Yaya ya ɗaga labulen. Sannan ya cire takalmansa, ya shigo, dattijo da furfurarsa, ya zauna a ƙasa gefen gadonta kamar yaro, ya ce in gaya mata ya ci.

Na gaya mata.